Rabon Dukiya da Bashi Bayan Mutuwar Aure: Abin da Dokokin Najeriya Suka Tanada

Mutane da yawa na zaton cewa da zarar aure ya mutu, kotu kan tattara duk abin da miji da mata suka mallaka ta raba musu daidai wa daida. Akwai inda ake yin haka, kamar jihar Kalifoniya ta Amurka, da Afirka ta Kudu ga waɗanda suka yi aure ba tare da yarjejeniyar keɓe dukiya ba. A Najeriya kuwa, ƙa'idar da ta fi ƙarfi ita ce kowa da abinsa: wanda ya tabbatar wa kotu cewa abu nasa ne shi zai tafi da shi, bashi kuma yana kan wanda ya sa hannu ya ciyo.

Kafin a kai ga batun gida ko mota, tambayar farko da kowace kotu za ta yi ita ce wane irin aure aka ɗaura. Dokar ƙasa ta amince da iri uku: auren rajista, auren Musulunci da auren gargajiya. Kowanne na da kotunsa da hukuncinsa, kuma tanadin ɗaya bai hau kan ɗaya ba.

Auren rajista

Dokar Shari'o'in Aure ta 1970 ce ke kula da rabuwar auren rajista, kuma Babbar Kotun Jiha ko ta Birnin Tarayya ce kaɗai ke da hurumin raba shi. Sashe na 69 na dokar ya fitar da auren Musulunci da na gargajiya daga tanadinta na ciyarwa da rabon dukiya.

Sashe na 72 ne ginshiƙin maganar. Ya ba alƙali ikon umartar ɗaya daga cikin ma'auratan, ko su biyun, da ya miƙa wata kadara don amfanin ɗayan ko 'ya'yansu, gwargwadon abin da kotu ta ga ya dace da adalci. Dokar ba ta ambaci rabi ko sulusi ba. Ta bar abin ga hangen alƙali, shi ya sa hukunci kan bambanta daga wannan shari'a zuwa waccan. Sashen ya kuma ba kotu damar duba yarjejeniyar dukiya da ma'aurata suka ƙulla kafin aure ko bayansa. Kuɗin ciyarwa na da sashensa daban, wato na 70, inda ake duba samun kowa da ƙarfin nemansa da yadda ya tafiyar da zaman.

Shari'ar da lauyoyi suka fi kafa hujja da ita wajen nuna nauyin da ke kan mai da'awa ita ce ta Amadi da Nwosu, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1992. Miji ne ya sayar da gida, matar ta ce da guminta a ciki domin ta biya kuɗin yashi da na leburori. Kotun ta ƙi karɓar da'awarta saboda ba ta fayyace yawan abin da ta bayar ba, balle ta kawo hujjar da za ta nuna rabonta. Kafin wannan, a shari'ar Kafi da Kafi ta 1986, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa gudummawar mace ba dole sai ta zama tsabar kuɗi ba, ana iya lissafa kula da gida da tsayuwa a kan gini. Duk da haka, matar da ta shafe shekara ashirin tana rainon 'ya'ya ba ta da rasit ko ɗaya na wannan aiki, kuma har yanzu dokar ba ta fito fili ta ba shi kaso ba. Wannan giɓi ne babba.

Auren Musulunci

Mafi yawan masu karanta Hausa nan maganar ta fi shafarsu. Kotunan Shari'a da kotunan yanki ne ke sauraren irin waɗannan ƙararraki bisa mazhabar Malikiyya, kuma sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a hurumi a kan aure da saki da kyauta da gado.

A Musulunci aure ba ya haɗe dukiya. Abin da mace ta zo da shi, da wanda ta gada, da wanda ta samu ta hanyar sana'a ko albashi, duk nata ne, miji ba shi da iko a kai sai da yardarta. Haka shi ma nasa. Sadaki haƙƙinta ne ita kaɗai. Idan an tare ta cancanci dukkansa, idan kuma aka sake ta kafin a sadu alhali an yanka shi, rabi ne nata, kamar yadda aya ta 237 ta Suratul Baƙara ta nuna. Sadakin da aka bari ajalan bashi ne a kan miji, saki ba ya shafe shi.

Idan mace ce ta nemi rabuwa ta hanyar hul'i, takan fanshi kanta da abin da aka daidaita a kai, galibi sadakin da aka ba ta. Amma malaman Malikiyya sun yi togaciya a nan: idan ta tabbatar cewa cutarwa ce ta tilasta mata fansar, tana da damar karɓo abin da ta biya, sakin kuma yana nan daram. Mata da yawa kan sallama sadaki da kaya don kawai su tsira, ba su san da wannan hukunci ba.

A lokacin idda ta sakin kome, ciyarwa da wurin zama na kan miji. A sakin da babu kome, wurin zama ne haƙƙinta, sai idan tana da juna biyu, to ciyarwa ma ta hau kansa har ta haihu. Akwai kuma mut'a, kyautar sallama da miji kan bai wa matar da ya saka, wadda Malikiyya suka ɗauka abin so ne, alƙali ba ya tilasta ta.

Inda rigima ta fi zafi shi ne kayan cikin gida. Littattafan da alƙalai ke komawa gare su, irin su Mukhtasar na Shehu Khalil da Tuhfatul Hukkam na Ibn Asim, sun shimfiɗa hanya. Wanda ke da shaidu shi ke da kaya. Idan babu shaidu, abin da aka saba gani na mata ne sai a bai wa matar bayan ta yi rantsuwa, na maza kuma a bai wa mijin da rantsuwarsa. Abin da kowa ke iya mallaka, shi ma mijin ake bai wa idan ya rantse, domin ana ɗaukar gidan nasa ne. A ƙasar Hausa al'ada ta riga ta san gado da katifa da kujeru da kwanukan da iyayen amarya suka jera na amarya ne. Matsalar tana ga firji ko talabijin ko janareta da mace ta saya da kuɗin adashenta bayan shekaru da aure. Idan ba ta da rasit ko shaida, wannan ƙa'ida ta ƙarshe na iya raba ta da su.

Haka batun yake ga matar da ta sayar da gwal ɗinta ko gonar gadonta ta bai wa miji ya ƙarasa gini. Kotu za ta tambaya: rance ne, haɗin gwiwa ne, ko kyauta? Mai da'awa ne zai kawo hujja, wanda ya musa kuma rantsuwa ce a kansa. Sau da yawa irin wannan kuɗi a cikin ɗaki ake miƙa shi, daga ita sai shi.

Auren gargajiya

Hukuncinsa ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, kotunan gargajiya ne kuma ke duba shi. Abin da ya fi yawa shi ne mayar da kuɗin aure ga miji, mace kuma ta tafi da kayan jikinta da abin da ta samu da kanta. Gida da fili kan zauna a hannun miji ko danginsa, sai in ta tabbatar da nata kason. Sashe na 43 na Kundin Tsarin Mulki ya ba kowane ɗan ƙasa, mace ko namiji, 'yancin mallakar fili da gida a ko'ina a Najeriya, don haka babu abin da ya hana a rubuta sunaye biyu a takardar shaidar mallaka tun farko.

Bashi

Aure shi kaɗai ba ya ɗora wa mutum bashin abokin zamansa. Banki ko ɗan kasuwa zai bi wanda ya ƙulla yarjejeniya da shi ne. Amma wanda ya tsaya wa mijinsa ko matarsa a matsayin mai lamuni, ko suka sa hannu tare, saki ba ya warware wannan alhaki. Ko da ma'auratan sun yi sulhu cewa mutum ɗaya ne zai biya, sulhun bai ɗaure bankin ba tunda ba da shi aka yi ba.

Tun daga watan Agustan 2020, tsarin GSI na Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka gaza biya daga sauran asusun mai bashin da ke haɗe da lambar BVN ɗinsa, kuma asusun haɗin gwiwa na cikin waɗanda tsarin ya shafa. Saboda haka barin asusun haɗaka a buɗe bayan rabuwa na da haɗari. Gidan da aka jinginar ma haka yake, duk wanda kotu ta bai wa zai karɓe shi ne da bashin da ke kansa.

A fiƙihun Malikiyya, ciyarwar da miji ya ƙi yi alhali yana da hali bashi ce da matar za ta iya bi, amma ta lokacin da ya shiga babu ta faɗi. Abin da ta kashe a kan shi kansa kuwa tana iya neman a biya ta, matuƙar ba da niyyar kyauta ta yi ba.

Korar ma'aurata daga gida da ƙarfi kafin kotu ta yi hukunci laifi ne a ƙarƙashin sashe na 9 na Dokar Hana Cin Zarafin Jama'a ta 2015, wadda ta tanadi ɗaurin da bai wuce shekara biyu ba, ko tarar da ba ta wuce naira 300,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta Birnin Tarayya ce, jihohin da suka karɓe ta kuma kowacce da nata fasalin. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta Ƙasa ko reshen ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da ke jiharsa, yana riƙe da takardar aure, rasitai, bayanan asusun banki da sunayen shaidunsa.