John Kerry: sojan Vietnam da ya zama jagoran diflomasiyyar Amurka

An haifi John Forbes Kerry ranar 11 ga Disamba 1943 a jihar Colorado. Mahaifinsa ma'aikacin diflomasiyya ne, mahaifiyarsa kuwa a birnin Paris aka haife ta, kuma Kerry na jin Faransanci sosai. Bayan kammala jami'ar Yale a 1966, ya shiga rundunar sojan ruwa, aka tura shi Vietnam, inda ya ji rauni sau uku. Da ya dawo gida sai ya juya wa yaƙin baya. A watan Afrilu 1971 ya bayyana gaban kwamitin harkokin waje na majalisar dattawa, ya buƙaci a kawo ƙarshen yaƙin. Wannan jawabi ne ya fito da sunansa.

Kerry ya karanta shari'a, ya zama mataimakin gwamnan jihar Massachusetts a 1983, sannan ya shiga majalisar dattawa a 1985, inda ya share shekaru 28. Shi da Sanata John McCain, wanda ya yi zaman fursuna a Vietnam, sun taimaka wajen maido da hulɗa tsakanin ƙasashen biyu a 1995. A 2002 ya kaɗa ƙuri'ar amincewa da amfani da ƙarfin soja a Iraƙi, lamarin da ya zame masa alaƙaƙai lokacin da ya tsaya wa jam'iyyar Democrat takarar shugaban ƙasa a 2004. George W. Bush ya kayar da shi da ƙuri'un wakilai 286 a kan 251.

A watan Fabrairu 2013 shugaba Barack Obama ya naɗa shi sakataren harkokin waje, wato ministan harkokin wajen Amurka, ya gaji Hillary Clinton. Ƙoƙarinsa na sasanta Isra'ila da Falasɗinawa ya ci tura a 2014. Amma ya yi nasara a wurare biyu: yarjejeniyar nukiliyar Iran da aka cimma a Vienna ranar 14 ga Yuli 2015, da yarjejeniyar sauyin yanayi ta Paris a watan Disamba na wannan shekara. A watan Agusta 2016 ya ziyarci Sakkwato, inda ya gana da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar kan yaƙi da tsattsauran ra'ayi.

Sai dai yarjejeniyoyin biyu ba su samu amincewar majalisar dattawa a matsayin doka ba, don haka Donald Trump ya janye Amurka daga dukansu bayan hawansa mulki. Joe Biden ya maido da ƙasar cikin ta Paris, ya kuma naɗa Kerry manzon musamman kan yanayi daga 2021 zuwa 2024. A watan Janairu 2025 Trump ya sake ba da umurnin ficewa, matakin da ke shafar ƙasashen Sahel masu jiran kuɗaɗen tallafi don tinkarar fari da ambaliya.