Dokin da ke dawowa: yadda ranakun Cheltenham suka sami darajarsu

A tsakiyar watan Maris na kowace shekara, garin Cheltenham da ke yammacin Ingila yakan cika ya batse da masoya tseren dawaki na tsallake shinge. Kwana huɗu ake yi, daga Talata zuwa Juma'a, a filin Prestbury Park da ke gindin tudun Cleeve, tsere bakwai a kowace rana. Tun kafin a buɗe ƙofa ake fara gardamar da ba ta ƙarewa a kan ranar da ta fi. Mutanen Talata za su ce babu abin da ya kai ihun da jama'a ke ɗauka lokacin da aka saki dawakan tseren farko, bayan shekara guda ana jira, ga kuma Champion Hurdle, gasar zakarun ƙananan shingaye. 'Yan Laraba suna da Champion Chase, gudun mil biyu a kan manyan shingaye, inda tuntuɓe ɗaya ya isa ya raba doki da nasara. Masu son Juma'a kuwa ba su ma ganin akwai abin gardama, tunda ranar ake tseren Kofin Zinare. Wanda ya saurare su zai ɗauka haka aka gaji abin tun fil azal. Tarihi bai nuna haka ba. Darajar tseren nan ta sha juyawa, kuma abin da ya fi juya ta ba yawan kuɗin kyauta ba ne, ba kuma dabarar masu talla ba. Doki ne guda, wanda yake zuwa bana, ya dawo baɗi, ya sake dawowa, har mutane su san shi kamar yadda suka san ɗan unguwarsu.

Asalin wasan na mafarauta ne da manoma. Ana danganta farkonsa da shekarar 1752 a yankin Cork na ƙasar Ayaland, inda mutum biyu, Edmund Blake da Cornelius O'Callaghan, suka yi tsere daga hasumiyar cocin Buttevant zuwa ta Doneraile, suna tsallake duk shinge da ramin da suka tarar a hanya. Shi kansa bikin Cheltenham ya samo tushe daga tsere guda, National Hunt Chase, wanda aka fara a 1860 a Market Harborough. Ya yi ta yawo daga wannan fili zuwa wancan, sai a 1911 ya zauna daram a Prestbury Park. A lokacin tsere ne mai nisan mil huɗu, mahayansa kuma ba 'yan sana'a ba ne, masu gonaki ne da hafsoshin soja da 'ya'yan manya da ke hawa don sha'awa. Da za a tambayi ɗan kallo na wancan zamani tseren da ya kawo shi, wannan zai ambata ba tare da wani tunani ba. Lokacin da aka ƙirƙiro Kofin Zinare a 1924, ƙarƙashin shugabancin Frederick Cathcart, fam 685 aka ba Red Splash da ya ci, alhali County Hurdle, tseren da yau ba a sa shi cikin manya, yana da fam 1,000. Masu dawakai da yawa sun ɗauki kofin a matsayin motsa jiki kafin Grand National na Aintree, wanda shi ne burin kowa. Champion Hurdle da ya biyo baya a 1927 ma fam 365 aka ba Blaris.

Sai dai sababbin tseren biyu sun zo da wani abu da tsofaffin ba su da shi. A yawancin tseren wancan lokaci, da Grand National har yau, akan ɗora wa gwanin doki ƙarin nauyi, a cusa dalma a jakar da ke ƙarƙashin sirdi, domin a daidaita shi da na baya. Tsarin yana da daɗi ga mai caca, amma yana hukunta gwaninta: dokin da ya ci bana zai ɗauki kaya mai nauyi baɗi, da wuya ya maimaita. A Kofin Zinare ba a yin haka, ragowa kaɗan kawai ake yi wa ƙananan dawakai da goɗiyoyi. Wanda ya fi shi zai ci, in ya ci gaba da fi ya ci gaba da ci. A haɗa wannan da wata gaskiya ta barga. Dokin tseren fili da ya ci babbar gasa yana ɗan shekara uku, sau da yawa ba a ƙara ganinsa bayan shekara ɗaya ko biyu, domin kuɗin barbararsa ya fi na gudunsa. Dawakan tsallake kuwa galibinsu dandaƙaƙƙu ne, babu abin da mai su zai samu in ya ajiye su a turke, don haka suna gudu har su kai shekara goma ko sha biyu. Waɗannan abubuwa biyu su suka ba ɗan kallo damar ya shaƙu da doki.

Golden Miller ne ya fara tabbatar da haka. Dokin Dorothy Paget ya ci Kofin Zinare sau biyar a jere, daga 1932 zuwa 1936, a 1934 kuma ya haɗa da Grand National, abin da babu dokin da ya sake yi a shekara guda. Karawarsa da Thomond II a 1935, wadda ya ci da tazarar da ba ta kai tsawon doki ba, ta sa an daina kallon kofin a matsayin share fage. Bayan yaƙin duniya na biyu sai wani matashin mai horarwa daga Cork, Vincent O'Brien, ya tsallako da Cottage Rake ya ci kofin a 1948 da 1949 da 1950, ya kuma ci Champion Hurdle da Hatton's Grace sau uku daga 1949 zuwa 1951. A nan ne tururuwar mutanen Ayaland zuwa Cheltenham ta kankama, kuma dawakansu suka biyo. Ƙololuwar abin ita ce Arkle. A 1963 Mill House ya ci kofin, Ingilawa suka ce sun sami dokin da babu irinsa. Shekara ta zagayo, Arkle na bargar Tom Dreaper, da Pat Taaffe a kan sirdi, ya bar shi da tsawon doki biyar, ya sake ci a 1965 da 1966. Ya yi wa tsararrakinsa nisan da hukumar tsere a Ayaland ta riƙa tsara nauyi iri biyu, ɗaya in Arkle zai shiga, ɗaya in ba zai shiga ba. Yau akwai mutum-mutuminsa a filin, kuma tun 1969 akwai tseren da ke ɗauke da sunansa.

Mai suka zai ce wannan duk ƙawata zance ne, caca da giya ke tara mutane a Cheltenham, ranar da mutum ya fi so ita ce wadda ya taɓa cin kuɗi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Kuɗin da ake zubawa a caca a makon nan mai yawa ne ƙwarai, kamfanonin caca na cikin masu ɗaukar nauyin tseren, kuma akwai gidajen da makon ke jefawa cikin bashi. Ƙorafin ma ba sabo ba ne a garin: tun a ƙarshen shekarun 1820 wani limamin coci, Francis Close, ya yi ta wa'azi a kan sharrin tseren da ake yi a tudun Cleeve, har mabiyansa suka tarwatsa taro, daga baya rumfar 'yan kallo ta ƙone. Amma caca ba ta iya bayyana abin da jama'a suka zaɓa su riƙe a rai. A 1966 sai mutum ya sa fam goma a kan Arkle kafin ya ci ribar fam ɗaya, wato babu wani abin kirki da za a samu, duk da haka aka yi dafifi don a gan shi, ya kuma ci da tsawon doki talatin. A 1990 Norton's Coin, wanda wani mai kiwon shanun madara daga Wales, Sirrell Griffiths, ya horar, ya ci kofin alhali masu caca sun ba shi ɗari a kan ɗaya. Kusan kowa ya yi asara a ranar, amma tana cikin ranakun da aka fi jin daɗin ba da labarinsu.

Kofin 1989 ya fi kowanne nuna wannan. Desert Orchid kili ne, ana hango shi tun daga can nesa, kuma shekaru ya yi yana cin tsere a wasu filaye yana shan kaye a Cheltenham, saboda ya fi son filin da ake zagayawa ta dama, nan kuwa ta hagu ake juyawa. Ranar ta wayi gari da ƙanƙara da ruwa, ƙasa ta zama taɓo, irin da ya fi ƙi. Kofin mil uku ne da ɗoriya, shingaye 22 na ƙirare masu tsayin da ya kai ƙafa huɗu da rabi, sannan bayan shinge na ƙarshe akwai hawan tudu zuwa layin gamawa, inda dawakai da yawa ke sarewa. Yahoo, dokin da taɓo ke yi wa daɗi, ya shiga gaba a kusa da ƙarshe. Kilin nan, wanda laka ta riga ta ɓata masa fari, ya ɗan karkace, Simon Sherwood ya miƙar da shi, ya yi ta cin tazarar taku bayan taku har ya wuce da tsawon doki ɗaya da rabi. Mutanen da suka yi ta jifa da huluna sama ba bajintar rana guda suke yi wa murna ba, shekarun da suka yi suna ganinsa yana faɗuwa a wannan tudu ne suka fito musu. Haka abin yake ga goɗiyar nan Dawn Run, wadda ta ci Champion Hurdle a 1984, ta dawo a 1986 ta ƙwace Kofin Zinare a hawan tudun bayan Wayward Lad ya riga ya wuce ta. Har yau ita kaɗai ta haɗa biyun.

Suka ta biyu ita ce cewa masu filin ne ke ƙera darajar ranaku, su raɗa musu suna, su yi talla, jama'a su bi. Ranar Alhamis ta isa amsa. A 2005 aka ƙara rana ta huɗu, aka mai da Kofin Zinare daga Alhamis zuwa Juma'a, aka cike gurbin da Stayers' Hurdle, tseren nesa na ƙananan shingaye, da wani sabon tsere da yanzu ake kira Ryanair Chase, daga baya aka laƙaba wa ranar sunan waliyyin Ayaland, Patrick. Duk da kiɗa da koren tufafi, masana sun daɗe suna ganinta a matsayin mafi rauni. Abin da ya ɗaga ta shi ne Big Buck's, da ya ci tseren nesa na ƙananan shingaye sau huɗu a jere daga 2009 zuwa 2012, sai kuma Alhamis ɗin 2019, lokacin da Bryony Frost ta ci Ryanair a kan Frodon, dokin da 'yan kallo suka riga suka saba da shi a wannan fili, jim kaɗan kuma Paisley Park ya ci nasa tseren, mai shi Andrew Gemmell, wanda makaho ne tun haihuwa, yana tsaye yana bin gudun da kunne. Champion Hurdle, babban tseren Talata, ma haka ya gina sunansa, da Sir Ken da Persian War da See You Then da Istabraq, kowanne sau uku. Istabraq yana shirin neman na huɗu a 2001 cutar shanu ta ƙafa da baki ta sa aka soke bikin gaba ɗaya, kuma masoyansa ba su daina jimamin hakan ba.

Akwai suka ta uku wadda ba a iya kawar da ita da hujjar tarihi. Doki yana mutuwa a wannan wasa. Dawn Run ta karye wuya a Faransa watanni kaɗan bayan nasararta. Best Mate, wanda ya ci kofin a 2002 da 2003 da 2004, ya faɗi ya mutu a filin Exeter a 2005. A bikin 2018 dawakai shida suka mutu cikin kwana huɗu, abin da ya tilasta wa hukumar tseren Birtaniya yin bincike da tsaurara dokoki. Dawowar nan da ke sa a so doki ita ce kuma ke maimaita masa haɗari kowace shekara, kuma duk mai son wasan da ya ƙi kallon wannan gaskiya bai yi wa dabbar adalci ba. National Hunt Chase, uban bikin, shi ya fi jin canjin: bayan tseren 2019, inda huɗu kacal cikin 18 suka kai ƙarshe, aka rage masa nisa, daga 2025 kuma aka buɗe shi ga mahaya 'yan sana'a.

Barazanar da ke gaban bikin yanzu daga yalwa ta fito. Da tsere ya kai 28, mai horarwa da ke da zakaru uku yana iya rarraba su, kowanne ya ci nasa ba tare da sun haɗu ba, musamman da yake manyan dawakai sun taru a barga kaɗan. Willie Mullins shi kaɗai ya cika nasara 100 a bikin a 2024, a 2021 kuma dawakan Ayaland sun ci 23, na Birtaniya 5. Dawowar doki ba ta da armashi in babu wanda zai kara da shi, kamar yadda Kauto Star ya ci a 2007, Denman na barga ɗaya da shi ya kayar da shi a 2008, shi kuma ya dawo ya karɓi kofinsa a 2009. 'Yan kallo sun haura 280,000 a 2022, daga nan suka yi ta raguwa har 2025, ko da yake tsadar masauki da ƙayyade yawan masu shiga suna da nasu kason a ciki. Ƙungiyar Jockey Club mai filin ta yi watsi da shawarar ƙara rana ta biyar a 2022, sannan a 2025 ta sauya fasalin ɗaya daga cikin manyan tseren sababbin dawakai, domin masu horarwa su rasa wurin kauce wa juna.