Nazarin Harshe da Adabi a Jami'ar Jihar Nasarawa, Keffi

Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi na daga cikin jami'o'in jihohi da ake karantar da harsuna da adabi a matakin digiri. An kafa ta da dokar jiha a shekarar 2001, zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, ta fara aiki a 2002, kuma Farfesa Adamu Baikie ne shugabanta na farko. A Tsangayar Fasaha ta jami'ar ake nazarin Ingilishi da Larabci da Faransanci da kimiyyar harshe da wasan kwaikwayo.

Abin da ake karantawa

Karatun ya kasu gida biyu. Gida na farko shi ne kimiyyar harshe, wadda ke duba yadda ake furta sautuka, da ginin kalma, da ginin jumla, da ma'ana, da kuma yadda jama'a ke sarrafa harshe a mu'amalarsu. Na biyu shi ne adabi: rubutun zube, da waƙa, da wasan kwaikwayo, da adabin baka irin su tatsuniya da karin magana da kirari. Ɗalibin da ya shiga ta jarrabawar JAMB yana yin shekara 4, wanda ya zo da shaida irin ta NCE kuwa yakan fara daga aji biyu ya yi shekara 3. Ana neman kiredit 5 a jarrabawar kammala sakandare, ciki har da Ingilishi. A shekarar ƙarshe kowane ɗalibi yana rubuta kundin bincike a ƙarƙashin kulawar malami.

Tushen fannin a Arewa

Nazarin harsunan gida a rubuce ya girmi jami'o'in ƙasar nan. Malamai sun daɗe suna rubuta waƙoƙin Hausa da Fulatanci da ajami. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta haifar da littattafai irin su Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta biyo baya a 1939. Daga baya aikin ya koma hannun jami'o'i a Zariya da Kano da Sakkwato, inda Hausa ta samu daidaitacciyar ƙa'idar rubutu da littattafan nahawu da manazarta masu yawa.

Matsayin Keffi

Jihar Nasarawa, wadda aka cire daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, tana cikin jihohin da suka fi yawan harsuna. Akwai Eggon a Nasarawa Eggon, da Mada a Akwanga, da Alago a Doma da Keana, da Egbura a Toto, sai Gbagyi da Gwandara a yankin Karu, ban da Afo da Gade da Migili da Tibi da Fulatanci. Yawancinsu 'yan dangin Neja-Kwango ne. Gwandara kuwa daga harsunan Cadi take, kuma masana sun tabbatar da cewa ita ce mafi kusanci da Hausa. Wani masanin Japan, Shuji Matsushita, ya wallafa bincike a kan sautukanta da kalmominta a 1972.

Waɗannan harsuna ba su samu gatan da Hausa ta samu ba. Wasu suna da ƙa'idar rubutu da ta samo asali daga aikin fassarar littattafan addini, amma abin karantawa a cikinsu kaɗan ne. A kasuwa da tasha Hausa ake ji, a makaranta da ofis kuma Ingilishi, har ta kai yara da dama a birane suna jin harshen iyayensu ba sa iya mayarwa. Idan tsofaffin da ke riƙe da tatsuniyoyi da waƙoƙin noma da sunayen itatuwa suka shuɗe ba a naɗi muryarsu ba, ba a samun inda za a sake ɗauko su.

A nan amfanin karatun a Keffi yake. Ɗalibin da ya koyi rubuta sauti da alamar karin murya yana iya komawa garinsu ya tattara kalmomi, ya naɗi hirar dattawa, ya mai da su kundi. Daga irin waɗannan kundaye ake gina ƙamus da littafin firamare. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2022 zuwa 2032 a matsayin shekaru goma na raya harsunan asali saboda wannan damuwa.

Ayyukan da ke gaba

Masu digirin sukan shiga koyarwa, da aikin jarida, da fassara da tafinta, da tace littattafai. Kusancin Keffi da Abuja ya sauƙaƙa neman aiki a kafofin watsa labarai da hukumomin da ke fassara saƙonni zuwa harsunan gida. Kamfanonin da ke koya wa kwamfuta gane magana da fassara su ma suna buƙatar waɗanda suka san harsunan nan a baki da kuma a rubuce.