MUTUM-MUTUMI IRI NAWA NE?



Mu Hausawa da kalma guda muke kiran abubuwa da yawa: mutum-mutumi. Tsumman da manomi ke rataya wa sanda don korar tsuntsaye a gonar gero, mutum-mutumi. Wanda ake ɗaura wa leshi a ƙofar shago a Kantin Kwari, mutum-mutumi. Na ƙarfen nan da yaranmu ke kallo a fim yana magana yana harbi, shi ma sunansa ke nan. To ni da sana'ata ƙago mutane ce a kan takarda, sai na ga ya dace in bi tarihin waɗannan abubuwa in ware mana su, don kowanne da asalinsa.

Tambayar farko ita ce: halittarsa aka yi, ko ɗan Adam ne ya ƙera shi? Aljani da dodon tatsuniya ba sa cikin lissafin nan. Haka ma Kolin Koliyo, baƙon da ya tafi da yaro Kilba sararin sama a littafin Umaru Dembo, Tauraruwa Mai Wutsiya, na 1969. Shi baƙo ne daga wata duniya, ba a maƙera aka fito da shi ba. Ƙerarru kuwa na kasa su gida huɗu.

Na ɗaya shi ne inji mai siffar mutum. Kada ki ɗauka Bature ne ya fara shi. A shekarar 1206, wani injiniya Musulmi, Isma'ila al-Jazari, wanda ya yi wa sarakunan Diyarbakir aiki a ƙasar da yau ake kira Turkiyya, ya kammala littafi mai bayanin na'urori wajen hamsin. A ciki akwai siffar kuyanga mai zuba wa sarki ruwan wanke hannu. Nauyin ruwa da igiyoyi ne ke motsa ta, ba tsafi ba. Jikan wannan kuyanga shi ne Chitti na fim ɗin Indiyan nan Enthiran, wanda Rajinikanth ya fito a ciki a 2010. Saboda tsoron kada irin su su fi ƙarfin mai su, marubucin Amurka Isaac Asimov ya gindaya musu dokoki uku a wani labarinsa na 1942: kada su cuci mutum, su yi masa biyayya, sannan su kare kansu muddin hakan bai saɓa wa biyun farko ba.

Na biyu shi ne wanda aka haɗa da tsoka da jini. Mace ce 'yar uwarmu ta shahara da shi: Mary Shelley ta Ingila, wadda littafinta Frankenstein ya fito a 1818 tana da shekara 20. Labarin ɗalibi ne da ya harhaɗa wata halitta, da ta motsa sai ya ga muninta ya ranta a na kare, ko suna bai raɗa mata ba. Rashin kulawa ya mai da ita makashiya. Duk uwa ta san wannan darasin: abin da ka shuka shi za ka girba.

Abin mamaki, kalmar robot da duniya ke faɗi yau a kan wannan iri na biyu aka fara ɗora ta. Karel Čapek, mutumin ƙasar Cek, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna R.U.R. a 1920, inda wata masana'anta ke ƙera ma'aikata na tsoka tana sayarwa. A harshensu robota na nufin aikin tilas da talaka ke yi wa mai ƙasa. Ki tuna da ɗiban gwamna, lokacin da Turawa suka kwashi mazajen ƙasar nan zuwa haƙar kuza a Jos a yaƙin duniya na biyu. To irin wannan aiki ake nufi. Ƙarshen wasan, ma'aikatan suka yi bore suka gama da iyayen gijinsu.

Na uku shi ne rabi mutum rabi inji. Shi haifaffe ne, daga baya aka yi masa ƙari da ƙarfe. Wasu masana biyu a Amurka suka laƙaba masa suna saibog a 1960, kuma shi ne ɗan sandan nan na fim ɗin RoboCop na 1987. Wannan mutum ne, mai uwa da uba, kamar yadda dattijon da likita ya dasa wa batirin zuciya bai daina zama Baba ba.

Na huɗu ba shi da jiki ko kaɗan, sai murya da lissafi. A fim ɗin 2001: A Space Odyssey na 1968, kwamfutar jirgi mai suna HAL ta hallaka matafiyan da aka ba ta amanarsu. Yau ga irinsa a tafin hannunki, tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022. Ana ma iya kwaikwayon muryar mutum da irin wannan fasaha, don haka in kin ji muryar ɗan uwa a waya yana neman kuɗi cikin gaggawa, kashe ki kira lambarsa da kanki.

To 'yar uwa, dubi zaren da ya ɗinke na ɗaya da na biyu da na huɗu. Tun daga kuyangar al-Jazari, burin ɗan Adam guda ne: ya sami bara da ba ya gajiya, ba ya cin abinci, ba ya neman lada. A 2017 Saudiyya ta sanar da bai wa wata mutum-mutumi mai suna Sophia matsayin 'yar ƙasa, duniya ta yi ta ka-ce-na-ce kan haƙƙin na'ura. Ni kuwa haƙƙin da ke hana ni barci yana nan kusa, a gidajenmu na Gawuna da manyan gidajen Nasarawa GRA.

Yarinyar nan da aka kawo miki daga ƙauye, 'yar shekara goma ko sha biyu, ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya. Wanke-wanke, shara, raino, aike, a ƙarshe kuma ƙanzo ne rabonta. Albashinta ma wani lokaci a hannun mai kawo ta yake maƙalewa. Ki sake duba gidaje huɗun da na lissafa, ba za ki same ta a ko ɗaya ba. Ba ƙera ta aka yi ba, wata uwa ce ta yi naƙudarta kamar yadda kika yi ta naki. Manzon Allah (SAW) ya hore mu da mu ciyar da na ƙarƙashinmu daga abin da muke ci, mu tufatar da su, kada kuma mu ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

In injin da ba ya gajiya kike so, sayi na markaɗe ko na wanki. Ita kuwa ki bar ta ta yi barci, ki sa ta a makaranta ko da ta Islamiyya ce, ki kira ta da sunan da ubanta ya raɗa mata. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙi, amin.

Taku har kullum,
daga Gawuna, Kano.