2.3 Asalin Sunayen Siffofin Taguwar Lantarki

A wannan sashe an dubi asalin sunayen da ake kiran siffofin hawa da saukar ƙarfin lantarki da su. Sunayen sun kasu gida biyu: wanda aka gada daga lissafi, da waɗanda ido ya raɗa.

Na farko shi ne "sayin", siffar wutar gida mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Wajen shekarar 499, masanin Indiya Aryabhata ya yi amfani da kalmar "jya", wato tsirkiyar baka. Larabawa suka are ta a matsayin "jiba". Da yake ba a sa wasali a rubutun, masu fassara na ƙarni na 12 a Sifaniya suka karanta ta "jaib", kalmar da Hausa ta samo "aljihu" daga gare ta. Suka fassara ta da "sinus", wato lanƙwasar riga a Latin. Ke nan sunan ya samu ne daga kuskuren karatu.

Kashi na biyu ya yaɗu bayan 1897, lokacin da Bajamushe Ferdinand Braun ya ƙera kwalbar da ke zana taguwa a kan allo. Masu aiki suka riƙa kiran abin da suka gani: mai murabba'i, mai kusurwa uku, da haƙoran zarto.

Sai dai tun 1822 Fourier ya nuna cewa ana iya haɗa irin waɗannan siffofi daga tarin sayin. Saboda haka suna ɗaya da bai bayyana siffarsa ba, shi ne tushen sauran.