Kudancin Kaduna: Yadda baƙo zai yi zirga-zirga a ƙetaren kogi

Kogin Kaduna ya raba birnin gida biyu, kuma baƙon da harka ta kai shi ɓangaren kudu, ko saro kaya ko aikin ofis, gada ce za ta fara yanke masa yawan lokacin da zai ɓata a hanya.

Babbar gadar ita ce wadda ta tashi daga shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello ta sauka a shataletalen Station, kusa da tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction. Da safe motoci kan yi cincirindo zuwa arewa, inda sakatariyoyi da babbar kasuwa suke, da yamma kuma cunkoson ya juyo kudu. Wanda ya tsara tafiyarsa saɓanin wannan kwarara ya huta.

Akwai wasu mashigai. Titin Nnamdi Azikiwe, wanda aka fi sani da Bayafas, yana kewaye birnin ta yamma ya fito hanyar Abuja, sai dai manyan motoci sun yi masa yawa. Ta gabas kuma titin Yakowa ne ke kai mutum yankin Kamazou da matatar mai ba tare da ya ratsa tsakiyar gari ba.

Daga Station hanya ke rabuwa. Barnawa na nan kusa, unguwar ma'aikata da otel-otel, Narayi kuma na bayanta. Kakuri da Makera su ne tsohon yankin masana'antu: a nan aka buɗe masaƙar KTL a 1957, masana'antar ƙera makamai ta DICON ta biyo a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot kuma ya fara aiki a 1975. Yawancin masaƙun sun daɗe da rufewa, amma sunayensu na nan a bakin direbobi, kuma da su ake yin kwatance. Baƙon da ya ce a sauke shi a mahaɗar Peugeot zai fi saurin isa kan wanda ya riƙe sunan titi da lambar gida. Titin Kachia shi ne ƙashin bayan yankin. Yana bi ta Television, inda babbar tashar motocin kudu da gabashin ƙasar nan take, ya ratsa Sabon Tasha, ya wuce matatar man da aka buɗe a 1980.

Wani abu da ke rikita ma'aikacin da ya zo da takarda: ba duk ƙetaren kogi ne ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu ba. Hedikwatarta na Makera, amma Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora suna ƙarƙashin Chikun, wadda hedikwatarta ke Kujama. Tudun Wada kuwa, duk da tana arewacin kogi, ta Kaduna ta Kudu ce.

Ƙananan bas-bas ne suka fi araha a manyan tituna, kwandasta na kiran sunan inda za su. Keke Napep ke shiga unguwanni, kuma ya kamata a yi ciniki kafin a hau, a kuma fayyace ko shata ce ko haɗaka, domin nan ne rigimar kuɗin mota ta fi tashi. Gwamnatoci sun sha hana acaba a birnin, don haka kada baƙo ya dogara da ita a babban titi. Tarar hukumar KASTLEA kuma na jiran mai motar da ya tsaya inda aka hana.

Tun bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa. Ga ɗan kasuwa, ma'anar wannan ita ce ranar Lahadi shaguna da dama ba sa buɗewa da safe. Hausa dai na biyan buƙata a kasuwa da tasha, tare da Turancin Buroka.

Mai komawa Abuja ta mota ya riga ya rage hanya, tunda titin ya fita ne ta Gonin Gora. Mai bin jirgin ƙasan da ya fara aiki a 2016 kuwa sai ya sake tsallaka kogi zuwa Rigasa, haka ma mai zuwa filin jirgin sama, don haka ya fito da wuri.