Bahasi a Kan Bambancin Ƙari Marar Illa da Sankara a Jikin Yara Ƙanana: Nazari Daga Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi mas'alar ƙarin da kan fito wa yara ƙanana, ta rarrabe wanda ke zaune wuri guda da wanda ke yaɗuwa, ta kuma kafa hujja cewa tafin hannu da ƙiyasin ido ba su isa su yanke hukunci a tsakaninsu ba.

Asalin Mas'ala

Idan kumburi ya ɓullo wa yaro a muƙamuƙi a wani ƙauye na Tsafe ko Bunguɗu, galibi akan ce hangum ne ko ciwon haƙori, a shafa magani, a kira wanzami ya yi tsaga, alhali a ƙarƙashin wannan fata ana iya samun abubuwa biyu masu saɓanin ɗabi'a. Ƙari marar illa, kamar tarin kitse ko jan tabon jijiyoyin jini da kan bayyana a jikin jariri, girmansa a hankali yake, iyakarsa a fili take, ba ya ƙaura zuwa wata gaɓa, jan tabon ma sau da yawa yakan baje da kansa. Sankara kuwa, wadda jama'a ke kira daji, ƙwayoyin halitta ne da suka fita daga ƙa'idar rarrabuwa, suna kutsawa cikin naman da ke maƙwabtaka da su, suna bin jini da magudanar kaluluwa har su kai hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa.

Sankarar Muƙamuƙi da 'Yan'uwanta

A shekarar 1958 ne likita Denis Burkitt, yana aiki a Kampala ta ƙasar Yuganda, ya bayyana wata sankara da ke kumbura muƙamuƙin yaran Afirka, daga bisani kuma aka gane tana bin yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, kana a 1964 masana Epstein da Barr da Achong suka gano ƙwayar cutar da ke da hannu a cikinta. Wannan bayani ya shafe mu ƙwarai, domin ƙasar Zamfara, wadda damina kan cika fadamunta da sauro, tana cikin irin waɗannan yankuna. Saurin girman wannan sankara abin tsoro ne, tana iya ninkawa cikin kwana ɗaya ko biyu, haƙoran yaro su yi ta girgiɗi ba dalili. Amma cikin rahamar Allah tana daga cikin masu saurin jin magani, kamar yadda aikin likita Victor Ngu a Ibadan ya tabbatar, har ya sami rabo a lambar yabo ta Lasker a 1972.

Akwai kuma sankarar ido, wadda alamarta farin haske ne a ƙwayar idon yaro tamkar idon kyanwa da dare, da ta ƙoda, wadda uwa kan fara jin taurinta a cikin yaro lokacin wanka. Rashin zafi shi ne babban abin da ke ruɗin iyaye, domin da yawa daga cikin waɗannan ba sa ciwo a farkonsu.

Hanyar Tahƙiƙi

Ijma'in likitoci shi ne ba a tabbatar da haƙiƙar ƙari sai an yi hoto, an kuma duba ƙwayoyinsa a madubin likita, galibi ta hanyar ɗebo ɗan yanki daga jikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na yara masu sankara suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a yawancin matalautan ƙasashe kuwa ba su kai kashi 30 ba, kuma jinkirin zuwa asibiti na daga cikin manyan sabubban wannan tazara. Saboda haka wajibi ne ma'aikatan asibitocin Tsafe da Bunguɗu, da malamai masu huɗuba, da su kansu wanzamai, su tura duk yaron da kumburinsa ke ƙaruwa ko ya wuce mako biyu bai saɓe ba zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, inda za a iya miƙa shi asibitin Sakkwato ko na Shika, tun aska ba ta taɓa wurin ba.